Funfuna ta kama bangon ɗakunanmu bayan ambaliya: a yi fenti yanzu ko a jira hunturu?

Abu Safwan, Kigo Road

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini, da kuma waɗanda irin wannan jarrabawa ta taɓa samu. A farkon watan Satumba, bayan ruwan da aka kwana ana tafkawa, Kogin Kaduna ya cika ya batse, ruwa ya biyo ta bayan layinmu ya shigo gida. A tsakar gida ya kai gwiwar babban mutum, a cikin ɗakuna kuwa ya tsaya a ƙwauri, kuma sai da ya kwana biyu kafin ya janye. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Na kwashe iyali zuwa gidan yayana a Unguwar Sarki, muka yi kwana shida a can gidanmu yana kulle, sannan muka dawo muka kwashe laka, muka wanke daɓe da garin sabulu, muka shanya abin da zai shanyu.

Mun ɗauka magana ta ƙare, sai ga shi bayan mako uku wata sabuwa ta ɓullo. Shekaranjiya na janye wadirob ɗin ɗakin yara domin in ɗauko wata takarda da ta faɗa bayansa, sai na tarar bangon ya yi ɗigo-ɗigon baƙi tun daga ƙasa har tsayin ƙugu kamar an watsa masa tawada, shi kuma katakon bayan wadirob ɗin ya kumbura, ya yi wani gashi-gashi kore mai laushi kamar auduga. A falo abin ya sha bamban: wani farin gari ne yake fitowa a gindin bango, fenti yana kumbura yana ɓarewa, idan aka share shi da safe kafin kwana biyu ya dawo. Warin rima kuwa ya gagari turaren wuta, har tufafin da ke cikin akwati sun ɗauka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙaramin ɗana mai shekara 5, wanda tun da muka dawo yake tari da daddare, hancinsa kuma kullum a toshe.

Mai fentin da na kira ya ce a kankare wurin a shafa fentin mai sau biyu, shi ke nan an rabu da ita. Ƙanin maiɗakina kuma ya ce asarar kuɗi ce, gara a manna tayil har tsayin taga. Ni dai gaggawa nake yi, domin maiɗakin nawa tana da juna biyu, ana sa ran haihuwa a watan Disamba, kuma ba na so a kawo jariri cikin wannan wari. Wanne zan bi a cikin shawarwarin biyu? Da me ake wanke funfunar ta mutu? Katifu da kujerun da ruwa ya taɓa, wanne ake iya cetowa?

Injiniya Bala, Barnawa

Wa alaikumus salam. Malam Abu Safwan, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. Shawarata ita ce kada ka bi ko ɗaya daga cikin biyun, aƙalla a wannan watan. Na haura shekara 20 ina duba gine-gine a garin nan, kuma tun daga ambaliyar Agustan 2003 zuwa ta 2012 kuskure ɗaya nake gani yana maimaituwa: mutum ya gaji da kallon baƙin bango, ya rufe shi da fenti, kafin damina ta zagayo fentin ya kumbura ya zube, kuɗi sun tafi, funfuna tana nan inda take. Ƙwayoyin irinta suna yawo a iskar kowane gida a kowane lokaci, danshi kawai suke jira, kuma duk abin da ya jiƙe bai bushe ba cikin awa 24 zuwa 48 ya zama gonarsu. Gidanka ya kwana biyu cikin ruwa, ya ƙara kwana shida a kulle, saboda haka abin da ka gani bayan wadirob ba abin mamaki ba ne.

Abubuwa biyu ka bayyana, kuma ina kyautata zaton ba ɗaya ba ne. Baƙin ɗigon ɗakin yara da koren gashin katako funfuna ce, babu shakka. Farin garin falo kuwa ya fi kama da gishiri. Ka ɗebi kaɗan ka murza tsakanin yatsu, sannan ka zuba a kofin ruwa: idan ya yi ƙaras-ƙaras kamar garin kanwa kuma ya narke, to gishirin da ke cikin siminti da yashi da ƙasa ne ruwa ya narkar ya fito da shi, da ruwan ya bushe a fuskar bango sai ya bar shi a nan. Ba ya cutar da numfashi irin yadda funfuna ke yi, amma shaida ce cewa har yanzu ruwa yana fitowa daga cikin ginin. A goge shi da busasshen buroshi a kwashe, kada a wanke da ruwa, domin narkewa zai yi ya koma inda ya fito.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne bulonmu mai inci tara rami biyu gare shi, kuma ruwan ambaliya yana shiga waɗannan ramuka ya zauna kamar a randa. Na taɓa huda bulon ƙasa a wani gida a Kabala Doki wata guda cur bayan ruwa ya janye, ruwa ja mai wari ya tsiyayo har ya kusa cika bokitin fenti, alhali daga waje bangon ya yi kama da busasshe. Ka sa birkila ya huda ƙananan ramuka a layin bulo na farko daga waje, ya kauce wa ginshiƙi da hanyar wayar lantarki, ka ga abin da zai fito. Sannan ka yi gwajin leda: ka yanki leda mai kauri kamar rabin mita a kowane gefe, ka manna ta a bango da salatif ta gefe huɗu yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana biyu, ka yi haka a daɓe ma. Idan gumi ya taru a cikin ledar ta ɓangaren bango, ruwan daga ginin yake fitowa. Idan a bayanta ya taru ta ɓangaren ɗaki, iskar ɗakin ce ta cika danshi.

Fentin mai kamar leda yake, yana toshe hanyar da ruwa zai bi ya fita, shi ya sa yake kumbura. Tayil ya fi shi ƙarfi, amma ruwan ba ya ɓacewa don an rufe shi, hawa yake yi ya fito a saman tayil ɗin, ko ya ɓulla a ɗakin da ke bayan bangon. Duk wanda ya shiga gidajen unguwannin bakin kogi zai ga wannan layin danshi a saman tayil, kamar an ja shi da alli.

Aikin da ke gabanka yanzu shi ne shanya gida. Ka janye kowane kaya daga jikin bango aƙalla taku ɗaya, ka naɗe ledar ɗaki da kafet ka fitar da su, domin daɓen da ke ƙarƙashinsu ba zai taɓa bushewa ba. Ka kankare fentin da ya kumbura bango ya sami numfashi. Daga hantsi zuwa la'asar, ranar da rana ta fito, a buɗe tagogi da ƙofofi masu kallon juna, a juya fanka tana hura bangon kai tsaye. Idan hadari ya haɗo ko dare ya yi a rufe, tun da iskar waje a wannan lokaci ita ma jiƙaƙƙiya ce. A Agusta da Satumba danshin iskar Kaduna yakan haura kashi 80 cikin 100, funfuna kuwa ba ta samun sakewa sai danshin ɗaki ya daɗe a sama da kashi 60, shi ya sa ake so a riƙe shi ƙasa da haka. Akwai ƙaramar na'urar auna danshi mai batir, ba ta da tsada, ka ajiye ɗaya a ɗakin yara. Idan kana da na'urar sanyaya ɗaki, tana tsotse ruwa daga iska, amma sai an rufe tagogi take amfani.

Magina a Ingila suna lissafin wata guda ga kowane milimita 25 na kaurin bango kafin ya bushe. Mu Allah ya ba mu abin da ba su da shi, wato hunturu: daga Nuwamba busasshiyar iska za ta yi maka kyauta aikin da su sai sun yi hayar injina. Kafin nan ka ƙwanƙwasa filasta da makulli ko ƙaramar guduma. Inda ta yi ƙara kamar ganga, ko take marmashewa, a fasa ta har santimita 30 sama da inda alamar danshi ta tsaya, a bar bulo tsirara ya sha iska. Inda take da ƙarfi a bar ta.

Ka kuma zagaya bayan gida. A layuka da yawa an yi ta zuba jar ƙasa a hanya har ta fi daɓen gidaje tudu, ƙasa ta haye saman ledar da ake shimfiɗawa a fandisho domin tare danshi, wadda ya kamata ta fi ƙasar waje tsayi da santimita 15. Idan haka ne a gidanka, ko rariya ta toshe, ko indararo yana zuba a gindin bango, ko sokawe ya cika yana tsattsafowa, to ko ba ambaliya bangon zai ci gaba da shan ruwa. Soket ɗin da ruwa ya kai kuwa, kada a jona komai a ciki sai mai gyaran wuta ya buɗe ya duba.

Hajiya Maman Khalil, Unguwar Rimi

Ɗana Abu Safwan, ina yi maka jaje, Allah ya kiyaye gaba, ya sauki maiɗakinka lafiya. Maganar bango Injiniya ya gama ta, ni a kan wanki da kayan ɗaki zan yi magana, domin a 2012 ruwa ya ci gidanmu, kuma kusan duk kuskuren da ake yi sai da na yi shi.

Ranar da za a wanke bangon, a kai yara da mai juna biyun gidan yayanka su wuni. Mai aikin ya sa takunkumi mai lamba N95, wanda ake samu a manyan kantunan magani, da safar hannu ta roba mai tsayi da tabarau, a buɗe tagogi, a rufe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna. Kada a soma da tsintsiya ko busasshen buroshi. Ni haka na yi, na kankare bangon a bushe, ƙurar ta tashi ta bi gida, kafin mako guda ta tsiro a labule da bayan hotuna, wuraren da ruwa bai ko kusanta ba. A fara jiƙa wurin da ruwan garin sabulu, a dirje da buroshi, a riƙa goge dattin da tsumma ana sauya ruwa. Wannan dirzar ita ce ainihin aikin. Bayan ta ne ake shafa bilic, irin su Hypo ko Jik, waɗanda ƙarfinsu yake kashi 3.5 cikin 100 kamar yadda aka rubuta a jikinsu: kofi ɗaya na bilic a cikin kofi goma na ruwa, a bar shi minti 10 a jikin bango, a goge da ruwa kaɗan, a sa fanka. A haɗa sabo kowace rana, na jiya ƙarfinsa ya ragu. Tsummokaran a ƙulle su a leda a zubar.

Ka ja kunnen duk wanda zai yi aikin kada ya haɗa bilic da komai sai ruwa. Na taɓa zuba shi a banɗaki a kan ruwan wanke masai mai asid, da nufin wai su haɗu su fi ƙarfi. Kafin in miƙe tsaye wata iska mai yaji ta shaƙe ni, idanuna suna zubar da ruwa, da rarrafe na fito tsakar gida, na yi kwana uku ƙirjina yana zafi. Daga baya aka gaya mini iskar kulorin ce, kuma tana kisa. Haka ma ba a haɗa shi da ruwan khal.

Katifar soso da ruwan ambaliya ya ratsa, ka haƙura da ita. Na san da ciwo, domin ni ma sai da na shanya tawa mako guda a kan rufin shago, na sa tela ya ɗinka mata sabuwar riga, na mayar ɗaki. Bayan wata biyu warin ya ƙi tafiya, na sa aka tsaga ta da wuƙa, sai ga tsakiyarta baƙi ƙirin, da danshinta kamar jiya aka tsamo ta, alhali a kanta jikokina suke kwana. Kuma ka tuna ruwan da ya shigo ɗakinka ya biyo ta kwata da masai kafin ya iso. Filo da kafet ma haka. Kujerun kushin, idan ƙashinsu katako ne na gaske, kafinta ya yaye yadin da soson ya zubar, a wanke katakon a shanya sosai a sake ɗaurewa. Amma katakon nan na gari da ake matsewa, wanda kafintoci ke kira MDF, da zarar ya kumbura ya gama aiki, bilic ba ya kai wa cikinsa. A cire bayan wadirob ɗin da gindinsa a sa sabo, a yi masa ƙafafu ya tashi daga ƙasa.

Tufafi sun fi sauƙi. A fito da su waje a kakkaɓe, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana har su yi ƙayau, a goge da dutsen guga mai zafi kafin a ninke. Bilic sai farin yadi kawai, atamfa da shadda da leshi zai cinye musu launi. Takalma da jakunkunan fata a goge su da tsumma da aka tsoma a sifirit da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a shanya a inuwa. Akwatunan da kansu a wanke a bar su a buɗe a rana kwana biyu, kuma daga yanzu a ɗora su a kan benci. Littattafai da takardun makaranta a tsayar da su a buɗe gaban fanka a inuwa, a riƙa sa farar takarda tsakanin shafuka ana sauyawa. Rana da guga suna sa su nannaɗe. Alƙur'anan da suka lalace har ba sa karantuwa, mu limamin unguwa muka kai wa ya nuna mana yadda ake yi da su.

Ɗanjuma, Kakuri

Allah ya kiyaye gaba, Malam. Ni a ganina jiran hunturu ya yi nisa ga mai jiran haihuwa. Abin da na ga ana yi a wajenmu shi ne a hura gawayi a kasko biyu, a ajiye a tsakiyar ɗaki, a rufe ƙofa da taga ya kwana, zafin yana busar da bango cikin 'yan kwanaki, kuma hayaƙin yana rage wari. Waɗansu ma risho suke kunnawa su bari. Tun da wutar lantarki ba kullum ake samu ba balle a dogara da fanka, ina ganin wannan ya fi sauƙi ga talaka.

Malama Asma'u, ma'aikaciyar jinya, Malali

Malam Ɗanjuma, na san da kyakkyawar niyya ka kawo wannan shawara, amma ina roƙon kada kowa ya bi ta. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, irin wadda ke fita daga janareta, ba ta da wari ba ta da launi, tana bi ta ƙarƙashin ƙofa da cikin silin ta shiga ɗakin da mutane ke barci, kuma mai barci ba ya farkawa ya gudu. Mace mai ciki da abin da ke cikinta sun fi kowa saurin cutuwa da ita. Risho da gas kuma, ban da wannan haɗari, tururin ruwa suke saki yayin da suke ci, wato ana ƙara wa ɗakin danshin da ake son cirewa. Janareta ma, idan za a kunna domin fanka, a waje yake zama nesa da taga. Gawayin da ba a hura ba, a zuba a kwano a ajiye cikin wadirob, yana iya rage wari kaɗan, iyakarsa ke nan.

Malam Abu Safwan, yaron ya bar wannan ɗaki daga yau, a kulle ƙofar har sai an wanke an bushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 a kan danshi da funfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna irin waɗannan gidaje sun fi fama da tari, da toshewar hanci, da tashin asma. Tarin da ke tsananta da daddare a ɗaki mai rima yana bukatar likita ya saurari ƙirji, kada a tsaya a kan maganin tari na kemis. Idan ka ji numfashinsa yana fito, ko yana numfashi da sauri, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa, ko zazzaɓi ya shigo, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Tarin da ya kai mako biyu kuma ana gwada shi domin tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Maiɗakinka kada ta shiga aikin wankin ko kaɗan, haka ma mai asma, da tsofaffi, da wanda ya taɓa yin tarin fuka, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, domin akwai nau'in funfuna mai suna Aspergillus da ke iya zama a huhun irin waɗannan mutane. Launinta ba ya nuna girman haɗarinta, baƙa ko kore ko fara duk cire ta ake yi. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar cewa idan wurin da ta kama ya wuce kimanin murabba'in mita ɗaya, gara a nemo waɗanda suka saba da aikin. Naka daga ƙasa zuwa ƙugu ya wuce haka, saboda haka ka samu ma'aikata biyu masu ƙarfi, ka saya musu kayan kariyar da Hajiya ta lissafa, kuma ka tsaya ka ga sun sa.

Ba ka ambaci sito ba. Idan akwai masara, ko gyaɗa, ko dawa da ta jiƙe ko ta yi funfuna, a zubar da ita a binne. Wata funfunar hatsi tana fitar da guba mai suna afalatoksin da ke lalata hanta, kuma wanki da shanya da dafuwa ba sa kawar da ita. Kada a ba kaji ko awaki, tana fitowa a cikin nono. Idan kuna da rijiya a gida kuma ruwa ya haye bakinta, sai an yashe ta an zuba kulorin, kafin nan a tafasa ruwan sha.

Abu Safwan, Kigo Road

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da ya faru cikin kwana biyar ɗin nan. Farin garin falo ya narke a ruwa kamar yadda Injiniya ya faɗa. Ledar da na manna a bangon falo da ta daɓen ɗakin yara duk sun yi gumi ta ciki. Birkila ya huda wuri takwas, biyar sun zubar da ruwa, ɗaya har yau yana ɗiga. Mun kuma tarar da ƙasar lungun baya ta fi daɓenmu tudu, an fara kwashe ta. Hajiya, na tsaga katifar yara kafin in zubar domin in gani da idona, kuma abin da kika faɗa shi na tarar. An wanke bangon jiya. Yaron yana kwana a ɗakina, likita ya duba shi ya ba da magani, tarin ya ragu.

Saura tambaya biyu, Injiniya. Da aka fitar da kaya na lura da wani tabo ruwan ƙasa mai baƙin gefe a kusurwar silin ɗin ɗakin yara, wanda na POP ne, alhali ambaliya ba ta kai ko taga ba. Daga ina wannan? Sannan da me zan tabbatar bango ya bushe har a mayar da filasta, ganin Disamba tana matsowa?

Injiniya Bala, Barnawa

Madalla da wannan ƙoƙari, Malam. Tabon silin yoyon rufi ne, kuma mai yiwuwa ya girmi ambaliyar, kayan ɗaki ne suka hana ka lura. Ka sa kafinta ya shiga cikin silin da tsakar rana ba tare da tocila ba, duk inda ya ga haske yana shigowa ta kwano nan ne ƙofar ruwa. Ya duba bakin ƙusoshin da suka yi tsatsa, da tsinin rufi inda kwano biyu suka haɗu, da kwarin da ruwa ke bi. Idan rufinka irin na ɓoye ne wanda bango ya kewaye, to kwatar siminti da ke bayan bangon ita ce abar zargi ta farko, ganye da leda suna toshe ta ruwa ya taru ya koma ciki. Ka tuna ruwa yana bin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, saboda haka ramin yana iya kasancewa mita ɗaya ko biyu daga inda tabon yake. A gyara yanzu tun ana sauran ruwan Oktoba da zai gwada muku gyaran. POP ɗin da ya jiƙe har ya yi baƙi a yanke shi da ɗan ƙari a kowane gefe, a soki katakon da ke sama da sukundireba, wanda ya nutse a sauya shi, a bar ramin a buɗe har hunturu.

Game da bushewa, ka maimaita gwajin leda duk mako biyu a wurare guda. Ranar da leda ta kwana biyu ta fito a bushe, farin gishirin kuma ya yi mako uku bai dawo ba bayan an goge, launin bulon ƙasa ya zama ɗaya da na sama, to an kai. Sannan a toshe ramukan da aka huda, a yi filasta da yashi mai tsabta wanda ba shi da laka, awo ɗaya na siminti da uku na yashi, a zuba garin hana shan ruwa da ake sayarwa a shagunan kayan gini. Filastar hunturu tana saurin tsagewa, don haka a riƙa yayyafa mata ruwa kaɗan safe da yamma na kwana biyar zuwa bakwai, a bar ta mako huɗu, sannan a shafa fentin ruwa.

Idan ka lissafa za ka ga falo da ɗakin yara ba za su kammala ba sai wajen Janairu, kuma ban ga dalilin tilasta musu ba. Ka zaɓi ɗakin da ya fi samun rana kuma ya fi ƙarancin danshi a gwajin leda, ka mayar da ƙarfinka a kansa domin maijego, ko da bangonsa zai zauna babu fenti ranar suna. Gado ya bar jikin bango, sabuwar katifa kada ta taɓa daɓe, ruwan wankan jego a dafa shi a tsakar gida a yi wankan a banɗaki mai taga, kayan jariri kuma a shanya su a igiyar waje. Ramin nan da ke ɗiga har yanzu, ka sa kwano a ƙarƙashinsa ka riƙa duba yawan abin da ya taru kowace safiya. Idan ya kai mako biyu bai ragu ba, ka sa mai aikin famfo ya duba ko akwai bututun ruwa da ya fashe a cikin wannan bangon.